Muryar Inna a Bakin Mijinyawa

Duk wanda ya saba shiga lungunan kasuwar Murshid Bazaar ta Dubai shekaru bakwai ko takwas da suka wuce, zai tuna wani siririn saurayi mai dogon wuya da ke durƙushe kullum a ƙofar shagon kago, wato na tura kaya, na Alhaji Sanda, salatif rataye a wuyan hannu, alƙalamin maka a bayan kunne, yana ɗaure kwalayen da za a tura Kano. Mijinyawa ke nan, ƙanen mai shagon, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Yan Gwale ne. Sanda ne ya ɗauko shi bayan ya gama difloma ya yi shekara biyu yana zaman jiran aiki. Ya sama masa gado a wani ɗaki na mutum shida a unguwar Al Warsan, ya ce masa zaman Dubai ba shi da wuya in dai bayanka na da ƙwari, bakinka kuma a rufe yake.

Ƙwarin baya kam Mijinyawa yana da shi. Rufe bakin ne bai taɓa iyawa ba. Tun yana ƙarami Allah ya ba shi kunne, in ya ji mutum ya yi magana sau biyu, to ya ɗauke muryarsa duka, har da tarinsa da yadda yake jan numfashi. A tsakar gidansu, in an yi la'asar mahaifiyarsu Inna Sabuwa ta zauna tsintar shinkafa, sai ya fito ya yi musu mai nama, ya yi musu hedimasta, ya yi musu ladanin unguwa da ke shaƙewa a tsakiyar kiran salla. Ƙanwarsa Wasila ta yi ta birgima a tabarma. Inna kuwa ta dinga share hawaye da gefen zane tana cewa, "Allah ya shirye ka, ɗan nan, za ka sa ni zubar da abincin mutane."

Amma duk cikin muryoyin babu wadda ya ƙware a kai kamar tata. Inna Sabuwa mace ce mai magana. Ba ta kiran sunan Sanda saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan babban." Duk zancen da ya dame ta da "Wai ni kam" take buɗe shi, ta kuma rufe da "Ni dai na faɗa." Da Mijinyawa ya tafi Dubai, Wasila ta koya mata danna waya ta naɗi murya kafin ita ma ta tare a gidan mijinta. Daga nan kowace Juma'a sai saƙo ya shigo, minti goma, minti goma sha biyu: tsadar tumatir, wadda ta haihu, wanda ya rasu, ciwon gwiwarta, akuyar maƙwabta da ta cinye mata zogale. A bas yake sauraro, daga Warsan zuwa Deira inda kasuwar take, yana dariya shi kaɗai, Indiyawa na kallonsa.

Shekarar korona aka rufe kasuwa. Maza shida a ɗaki ɗaya, ba fita, ba aiki, kowa ya gaji da fuskar kowa. Wata rana da hantsi Mijinyawa ya ɗauki tawul ya yafa a ka, ya kara silifa a kunne a matsayin waya, ya fara: "Wai ni kam, ƙasar Larabawan nan ba a sayar da kati ne? Ko hannunka ne ya karye?" Wani ɗan Zinder da ke kwana a gadon sama ya ɗauke shi bidiyo. Suka sa a TikTok, suka raɗa wa matar suna Gwaggo Mai Waya. Kafin sati ya zagayo, dubban ɗaruruwa sun kalla.

Farko gida murna aka yi. Inna ta aiko da saƙo rabinsa dariya ne. "Wai ni kam haka nake? Matan unguwa sun cika min gida suna nuna min. To Allah ya sa albarka, amma ka gyara yafin tawul ɗin nan, ni ba haka nake yafa mayafi ba." Ya saurari saƙon ya fi sau goma.

Da aka buɗe kasuwa, Sanda ya zare salatif daga hannunsa, ya ajiye masa kujera a bakin shago. "Khalas, shi ke nan, daga yau ka gama ɗaure kwali. Zauna nan a gan ka." Hajiyoyin Kano masu sarin atamfa da takalma suka riƙa tsallake shagunan kago uku huɗu suna tambayar ina shagon Gwaggo. Su ɗauki hoto, ya yi musu "Ni dai na faɗa," su yi shewa, su ba da kayansu a auna. Mijinyawa bai lura da ranar da abin ya canja ba, sai dai ya wayi gari ya ji yayansa ya daina cewa baƙi "ga ƙanena." Sai ya ce, "Ga Gwaggon da kuke gani a waya."

Ya bar Warsan ya kama ƙaramin filat a Bur Dubai, kullum da safe ya hau abra, kwale-kwalen da ke tsallaka da mutane zuwa Deira. Masu shagon turare suka fara neman ya yi musu talla. Ɗalibai 'yan Arewa in suna da taro shi suke gayyata. Sai dai jama'ar waya ba sa ƙoshi, in ya kwana uku bai sa sabon bidiyo ba sai a fara tambaya ko Gwaggo ta mutu ne. Saƙon Juma'a da a da yake saurara a bas, yanzu da biro da takarda yake zama masa.

Wata Juma'a Inna ta aiko da saƙo muryarta ƙasa-ƙasa. Kukan zuci ta kawo masa a kan surukar Wasila, uwar mijinta Nasir. Ta ce matar ta je gidan yarinyar tana buɗe tukwane, tana leƙa ƙarƙashin gado, da za ta tafi kuma ta sa aka ɗauke fankar tsaye da Inna ta saya wa 'yarta, wai ɗakinta ya fi zafi. Inna ta ce, "Ba wanda na faɗa wa, ko wancan babban. Kai ma don cikina ya cika ne."

Ya ji wannan maganar ta ƙarshe sarai. Ya kwana biyu yana juya abin. Ya ce wa kansa in ya yi bidiyon zai canja sunaye, zai mayar da garin Katsina, ba wanda zai gane. Ya canja komai, amma ya bar fankar, don fankar ce abin dariyar. Bidiyon ya fi duk wanda ya taɓa yi tashe, har a Kumasi da Yamai ana tura shi.

A Gwale kuwa kowa ya san ɗakin da fankar take. A wani biki 'yan mata suka ga uwar Nasir ta shigo, wata ta ce, "Ga Hajiya mai fanka," aka fashe da dariya. Washegari Nasir ya ce Wasila ta je gida ta huta. Ta dawo da 'ya'ya biyu da akwati, ta yi wata huɗu a ɗakin Inna. Da manya suka shiga maganar, sharaɗin da aka gindaya shi ne a zo a ba da haƙuri. Inna Sabuwa, da shekarunta sittin da biyar da ciwon gwiwarta, ita ta je gidan da ƙafarta, ta zauna a ƙasa gaban matar, ta ce laifinta ne, bakinta ne ya jawo.

Mijinyawa ya goge bidiyon, amma ya riga ya shiga wayoyin da ba zai iya ƙirgawa ba. Ya kira ya yi kuka, ya roƙi gafara. Inna ta ce, "Ba komai. Allah ya kiyaye gaba." Juma'a ta zo, saƙo ya shigo. Daƙiƙa goma sha takwas ne. "Muna lafiya. Kowa na gaishe ka. Allah ya yi albarka." Na Juma'ar gaba ma haka, ta gaba ma haka.

Ya ɗauka ta rage magana ne gaba ɗaya, har wata rana da azahar a shago, Sanda ya danna wayarsa bisa kuskure, muryar Inna ta cika wurin, cikakkiya, da "Wai ni kam" ɗinta da komai. Mijinyawa ya leƙa. Saƙon minti tara ne, a wani guruf da bai taɓa gani ba. Sanda ya kife wayar.

"Yaya, wane guruf ne wannan?"

"Na maganar gida ne."

"Ni ba ɗan gida ba ne?"

Sanda ya ture takardar da ke gabansa. "Kai yanzu ɗan kowa ne, Mijinyawa. Abin da ya shiga kunnenka yau, gobe yana Zinder. Ba wanda ya ƙi ka. Tsoro ake ji." Sai kuma ya ƙara da cewa, "Amma fa kar ka ce za ka daina Gwaggo, kwastomomi ita suke zuwa gani. Ka riƙa ƙirƙiro naka kawai."

Ya gwada ƙirƙirowa. Gwaggo ta je Makka, Gwaggo ta koyi tuƙi, Gwaggo ta yi faɗa da mai gyaran rediyo. Ana kallo, amma a ƙarƙashin bidiyon mutane na rubuta cewa Gwaggo ta yi sanyi, ba kamar da ba. Shi ma ya sani.

Haka aka tafi kusan shekara uku. Bayan an sake buɗe wa 'yan Najeriya biza, wata Laraba Sanda ya ce masa, kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu, gobe Inna za ta sauka, za ta ga likitan ƙoda.

"Ƙoda? Tun yaushe?"

"In ta zo ka gani."

A filat ɗin Sanda aka sauke ta, tafiyar minti goma daga nasa. Ya sayi dabino mai taushi da takalmin roba mai laushi saboda ƙafarta, ya tafi da la'asar. Tun daga bakin lif ya jiyo ta. Labarin matakala mai tafiya da kanta ta filin jirgi take bayarwa, yadda ta ƙanƙame wani Bature ba ta san shi ba, Sauda matar Sanda na dariya har da tafi. Ya tsaya a ƙofar ya fi minti biyu, leda a hannu, yana ji. Sannan ya ƙwanƙwasa.

Ɗakin ya yi tsit.

Sauda ce ta buɗe. A da, da ta gan shi sai ta ce "ga ƙaramin mijina," ta tsokane shi a kan ramarsa. Yau faranti ta miƙo masa, idonta a ƙasa. "Ka ajiye wayoyin a nan. Yayanka ne ya ce." Ya ciro duka biyun ya ajiye.

Inna na zaune a kan dadduma ta jingina da kujera. Ta rame a fuska, ƙafafunta sun kumbura sun yi sheƙi. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Sannunku da zuwa," in ji ta. "Ya aiki? Ya jama'arku?"

Tun da aka haife shi bai taɓa jin ta ce masa "ku" ba. Ya tambaya tun yaushe take fama. Ta ce an ɗan jima. Sauda daga bakin kicin ta ce wata takwas ke nan.

"Inna, don Allah ki yi min faɗa. Ki zage ni. Ki ce wani abu."

Ta dube shi, ta kau da kai wajen taga. "Ni ba fushi nake da kai ba, wannan ya wuce tuntuni. Amma in na buɗe baki a gabanka, sai in ga kamar leɓena kake kallo. Sai maganar ta maƙale. Ba da gangan nake yi ba."

Ya sunkuyar da kai. Bai san inda zai sa idonsa ba, don gaskiya ne, ko a lokacin wani sashe na kunnensa yana ɗaukar yadda muryarta ta dushe, yadda take tsayawa ta huta a tsakiyar magana. Ya tsani kansa a kan haka, amma bai san yadda ake kashe shi ba.

Ya roƙa a bar shi ya riƙa kai ta asibiti, aka bar shi. Kwana biyar yana tura ta a keken marasa lafiya, yana riƙe mata jaka, yana fassara mata abin da nas ta ce. Ba sa doguwar hira, amma rana ta huɗu ta ce masa ya yi aski, gashinsa ya yi yawa, ya ji daɗin wannan kamar an ba shi kyauta. Rana ta biyar suna zaune a wurin jira, wasu 'yan mata biyu ɗalibai suka hango shi. Suka taho da gudu, wayoyi a sama. Ɗaya ta dubi tsohuwar da ke keke ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Wannan ce Gwaggon ta gaske? Mama, don Allah ki ce mana ni dai na faɗa!"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka. Haka ta zauna har aka kira lambarta. Da yamma Sanda ya kira shi ya ce daga gobe Sauda za ta riƙa kai ta.

Ta yi sati uku ta koma Kano. Ranar da jirginta ya tashi Mijinyawa ya sanar a shafinsa cewa ya ajiye Gwaggo. Wasu suka ce wasa ne, wasu suka ce girman kai ne, wasu suka zage shi. Sanda ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa sosai, ya ce an kashe wa shago kasuwa saboda rigimar da ta riga ta mutu.

Bayan wata biyar Sanda ya ce zai je Najeriya, kwantena ta maƙale a tashar ruwa. Ya tafi ranar Juma'a. Ranar Talata bayan la'asar, Mijinyawa na zaune a shago, waya ta yi ƙara. Sanda ne. Ya ce Inna ta rasu da safe, an kai ta da azahar.

Mijinyawa ya zame daga kujera ya zauna a kan wani kwali. Ya ce, "Yaya, ba kwantena ka je ba."

"Likita ne ya ce a taru."

"A taru. Ni fa?"

"Da ka zo, da asibitin ya cika da masu waya. Ka ga abin da ya faru a nan. Mun so ta tafi a natse."

Ya isa Kano ranar addu'ar uku. Kafin ya sauka, shafukan tsegumi sun riga sun samo hotonta na gaske, na bikin Wasila, sun rubuta a kai cewa Gwaggo Mai Waya ta rasu. Da ya zauna a tabarmar ƙofar gida cikin kawunnansa, layin ya fara cika da mutanen da ba wanda ya san su. Suna miƙa hannu, suna cewa Allah ya jiƙanta, ɗaya hannun kuma waya na ɗauka. Wani magidanci da hula mai kyau ya matso kusa da kunnensa bayan an shafa fatiha, ya ce, "Ka ɗan yi mana muryarta mana, ko kaɗan, mu tuna da ita." Ƙanen mahaifinsu ya ji. Sai ya juyo ya dubi Mijinyawa. "Tashi ka shiga ciki, ko mutanen nan sa watse."

A ɗakin Inna ya tarar da Wasila ita kaɗai tana ninke zannuwa. Rabon da su keɓe su biyu tun kafin maganar fanka. Ta amsa gaisuwarsa ba ta daina ninki ba.

"Ta yafe maka, Yaya. A gabana ta faɗa, sau biyu. Ta ce in tabbatar ka ji."

"Ba ta bar min wata magana ba?"

Wasila ta ajiye zanen da ke hannunta. "Ranar Juma'ar ƙarshe ta ce in ba ta waya. Ta danna sunanka, ta riƙe, ta daɗe. Ban ji ta ce komai ba. Sai ta ce in goge."

"Ke fa, kin yafe min?"

"Ina gidan mijina," in ji ta. "Har yau in ana hira na shigo, sai uwarsa ta ce a yi shiru ga ƙanwar ɗan jarida. Na yafe. Amma ka bar ni in gama wannan, za a raba wa mutane."

Bai kai addu'ar bakwai ba ya dawo Dubai. Bai koma shagon Sanda ba, Sanda kuma bai neme shi ba. Ya saki filat ɗin Bur Dubai, ya samu aiki a wani sito a Al Warsan inda ake loda tayoyi da kayan gyaran mota. Shugaban aikin Ba'indiye ne mutumin Kerala, ma'aikatan yawanci 'yan Nepal. Ba wanda ya san Hausa a cikinsu, ba wanda ya san shi da wani suna sai Muhammad na jikin katinsa. Suna cewa mutumin kirki ne, ba ya magana. Tsofaffin bidiyoyinsa na nan suna yawo, wani lokaci a cikin bas yakan ji muryar na fitowa daga wayar wani a kujerar baya, sai ya sauka a tasha ta gaba ya jira wata motar.

A watan jiya Sauda ta haifi mace. Aka sa mata sunan yanka na Inna, wato Ummi Kulsum. Sanda ya kira shi ana gobe suna.

"Walimar bayan azahar ce. Amma kai ka bari sai an yi magariba, in mutane sun ragu."

Ya ce to. Ya sayi rigunan jarirai guda uku, ya isa bayan magariba. An tattare kujeru, falon na ƙamshin turaren wuta da sauran shinkafa. Aka zuba masa abinci a farantin baƙi, aka kawo masa lemo da kofi a tire. Aka miƙo masa jaririyar, ya riƙe ta, ya yi mata addu'a, Sauda na tsaye kusa har ya mayar. Sanda ya yi masa hirar zafin bana da tsadar jirgin ruwa. Daga ɗakin ciki yana jin ƙannen Sauda na magana ƙasa-ƙasa. Da ya yi minti ashirin ya ce zai koma, gobe da ƙarfe shida yake shiga aiki.

Sanda ya rako shi har bakin lif, ya danna masa, ya ba shi hannu.

"Mun gode da zuwa," ya ce. "A gaida mutanen Warsan."